Makaranta na son gina wurin wasanni a kan filin unguwa: wane ɓangare ya kamata in goya wa baya?

Uba a kwamitin makaranta ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan harka, domin al'amarin ya hana ni sukuni. Ni mamba ne a kwamitin iyaye da malamai na makarantar sakandaren da 'ya'yana biyu suke karatu, kuma gidana yana kallon wani fili da ke manne da katangar makarantar. Filin na hukuma ne, amma tun kafin a haife ni jama'ar unguwa suke amfani da shi. Akwai manyan bishiyoyi a gefensa na yamma, inda dattawa suke zama da la'asar, yara ƙanana suna guje-gujensu a tsakiya, samari kuma suna buga ƙwallo a can ƙarshe.

Yanzu makarantar ta samu tallafin gina filin ƙwallon ƙafa mai ciyawar roba, da hanyar tsere, da filin ƙwallon kwando, kuma ba ta da wurin da za ta yi wannan gini sai a kan filin nan. Taswirar da aka nuna mana ta cinye kusan dukkan wurin, za a sare bishiyoyin, sannan a kewaye shi da katanga. Shugaban makarantar ya ce za a riƙa barin 'yan unguwa su shiga bayan an tashi daga karatu, amma da baki ya faɗa. A matsayina na uba ina son 'ya'yana su samu wurin wasa mai kyau, a matsayina na maƙwabci kuma ina jin kunyar haɗa ido da dattawan da za a tayar daga inuwarsu. Za a yi taro nan ba da daɗewa ba, kuma dole in faɗi matsayina. Me ya kamata in ce?

Tsohon malamin wasanni ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru masu yawa ina koyar da wasannin motsa jiki kafin in yi ritaya, saboda haka ba zan ɓoye maka ba, zuciyata tana tare da ginin. Mutane suna ɗaukar wasanni a makaranta a matsayin abin ado da ake yi idan kuɗi sun yi rara, alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a kowace rana. Wani bincike da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun hakan, kuma abin ya fi muni a tsakanin 'yan mata, inda ya kai kashi 85.

Batun 'yan matan nan shi ne ya fi damuna. Filin da yake buɗe ga kowa, a zahiri na wanda ya fi ƙarfi ne. Manyan samari su ne suke mamaye shi, yarinya 'yar shekara goma sha uku kuwa ba za ta je ta yi tsere a gaban jama'a ba, kuma iyayenta ma ba za su bar ta ba. A cikin katangar makaranta ne kaɗai na taɓa ganin ɗalibai mata sun saki jiki sun yi wasa. Ban da wannan, har yau ina tuna ranar da na ɗauki wani ɗalibina a kafaɗa zuwa asibiti, bayan fasasshiyar kwalba ta yanke shi a gwiwa a wani fili irin wanda kake bayani, jini ya jiƙa mini riga har baya. Fili marar mai kula da shi yana da nasa haɗarin, kuma tallafi irin wannan idan ya wuce, ba lallai ba ne ya sake dawowa. Ina ba ka shawara ka goyi bayan aikin.

Maƙwabciyar wata makaranta ta amsa:

Baba, ina girmama shekarun da ka yi kana hidima da yara, kuma maganarka a kan 'yan mata gaskiya ce. Sai dai ni na ga yadda irin wannan alkawari yake ƙarewa, domin an yi mana shi. Da aka zo karɓar filin da ke bayan gidajenmu, an tara mu an ce ƙofa za ta kasance a buɗe kullum da yamma. An cika alkawarin na 'yan watanni. Daga nan aka canja shugaban makarantar, sabon da ya zo ya ce shi bai ga wata takarda da ta tilasta masa ba, kuma ana lalata masa kaya. Yau makullin yana hannun mai gadi, masu haya da kuɗi su ne suke shiga da dare, yaranmu kuma suna leƙe ta ramin ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifiyata. Likita ya ce ta riƙa tafiya a ƙasa kowace rana saboda hawan jini, kuma a da takan zagaya filin sau biyu da sandarta, ta zauna a kan saiwar wata babbar bishiya ta huta, ta gaisa da mutane, sannan ta dawo gida. Tun da aka rufe wurin ba ta da inda za ta taka sai bakin titi, ga ƙura ga ababen hawa, don haka ta daina fita. Ko da an buɗe mata ƙofar a yau, me tsohuwa za ta yi a kan ciyawar roba da tsakar rana ba inuwa? Filin wasanni yana yi wa masu wasa amfani ne, fili mai bishiyoyi kuwa yana ɗaukar jariri da tsoho da mai keken guragu da wanda ya fito shan iska kawai. Malam mai tambaya, ka tambaye su a taron: ɗalibai nawa ne za su amfana, kuma mutum nawa ne za su rasa? Sannan ka tuna cewa ɗaliban nan su ma 'yan unguwa ne, idan an yi hutu su ma a waje za su tsaya.

Mai aikin tsara birane ya amsa:

Na karanta bayanan Baba da na Hajiya, kuma ina ganin kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Ni dai abin da zan ce, Malam, shi ne kada ka yarda a tsare ka a kan cewa ko dai a yi ginin yadda aka zana shi, ko kuma a fasa gaba ɗaya. Taswirar farko ba wahayi ba ce, sau da yawa ɗan kwangila ne ya ɗauko zanen da ya saba yi ya ɗora a kan wurin ba tare da ya je ya ga yadda ake amfani da shi ba.

Ka fara da awo. Filin ƙwallon ƙafa irin na manyan gasanni yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, wato murabba'in mita 7,140. Amma dokar wasan ta yarda da fili mai tsawon mita 90 da faɗin mita 45 a wasannin da ba na ƙasa da ƙasa ba, wanda bai wuce murabba'in mita 4,050 ba. Ka ga tun a nan an tsirar da fiye da murabba'in mita 3,000. Abin da ya fi cin wuri shi ne hanyar tsere ta mita 400 mai layi takwas, domin tana buƙatar tsawon kusan mita 177 da faɗin kusan mita 93, fiye da hekta ɗaya da rabi ke nan. Makarantar sakandare za ta iya koyar da gudu a kan miƙaƙƙiyar hanya ta mita 100 a gefen fili, ta riƙa shata layin zagaye da farin fenti idan lokacin gasa ya zo. Filin ƙwallon kwando kuwa mita 28 ne da mita 15, kuma za a iya zana layin ƙwallon raga a cikinsa, tunda shi mita 18 ne da mita 9. Idan aka cire hanyar tseren nan daga taswira, ina kyautata zaton bishiyoyin da ke gefen yamma za su tsira.

Ka dage a kan bishiyoyin fiye da komai. Za a ce maka za a dasa biyu ko uku a madadin kowace ɗaya da aka sare, amma dashen da bai kai tsayin mutum ba yana buƙatar shekaru masu yawa kafin ya yi inuwar da dattijo zai zauna a ƙarƙashinta, idan ma ya rayu. Katanga ana iya rushe ta a gyara, fili ana iya sake shata shi, babbar bishiya kuwa idan ta faɗi, wannan zamanin ya rasa ta. Kuma ka sani cewa ba sara kaɗai ke kashe bishiya ba. Idan aka haƙa tushen gini kusa da gindinta, ko manyan motoci suka danne ƙasar da ke kan saiwoyinta, za ta iya bushewa a hankali bayan an gama aiki an watse. Saboda haka a killace kewayenta tun kafin motar farko ta shigo.

Game da ciyawar roba, tana da amfani na gaske, domin tana jure wasa na sa'o'i da yawa a rana, abin da ciyawa mai rai ba za ta iya ba. Amma tana ɗaukar zafi sosai idan rana ta take, har ta fi ƙarfin a yi wasa a kanta, kuma akasari bayan shekara 8 zuwa 10 sai an ɗaye ta an shimfiɗa sabuwa. Ka tambayi wanda zai biya wannan kuɗi, domin a nan ne makarantu suke komawa ba da haya su rufe wa maƙwabta ƙofa, kamar yadda Hajiya ta gani. Ƙananan ɓarɓashin roba da ake zubawa a cikinta kuma ruwa yana kwashe su zuwa magudanai, shi ya sa a 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar da za ta hana sayar da su daga 2031. Sai kuma batun ruwan sama. Filin da kuke da shi yanzu yana shanye ruwa, idan aka daddaɓe shi aka zuba siminti a kewaye ba tare da kyakkyawar magudana ba, ruwan zai nemi hanya, kuma gidajen da ke kallon filin, har da naka, su ne hanyar.

Maganar makulli kuwa, wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa alkawarin baki ba ya isa. A Ingila, a 1996 doka ta wajabta a tuntuɓi hukumar wasanni ta ƙasar kafin a ba da izinin gini a kan filin wasa, kuma ƙa'idar da take bi ita ce idan za a rasa fili, a samar da madadinsa wanda ya kai shi ko ya fi shi, a wurin da ya dace. A can kuma akan ɗaura izinin gini da rubutacciyar yarjejeniya mai fayyace sa'o'in da jama'a za su shiga. Birnin New York na Amurka ya fara wani shiri a 2007 na buɗe harabar makarantu ga 'yan unguwa bayan tashi da ƙarshen mako, birnin Paris na Faransa kuma tun 2018 yake fasa kwaltar da ke harabar makarantu yana dasa itatuwa. Har ila yau, a cikin muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, akwai ƙudurin cewa kafin 2030 kowa ya samu damar shiga wuraren shaƙatawa masu tsirrai, kuma an ambaci mata da yara da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da suna. Wannan hujja ce da za ka iya ɗagawa a taro. Yarjejeniyar da za ku nema ta kasance tsakanin makaranta da hukumar da ke da filin da wakilan unguwa, ta faɗi ranaku da sa'o'i, ta ce shiga kyauta ne a waɗannan lokuta, ta ba filin ƙofarsa ta kansa daga titi ba sai an ratsa ta cikin makaranta ba, kuma ta ɗaure duk shugaban da zai zo nan gaba.

Tsohon malamin wasanni ya sake amsawa:

Na yarda da batun hanyar tseren, domin ni kaina a kan layin fenti na horar da ɗalibaina. Abu ɗaya kawai nake roƙo: idan za a rubuta sa'o'in jama'a, a ware wasu ranaku na 'yan mata da mata zalla, in ba haka ba samari za su sake mamaye wurin kamar da. Hajiya, Allah Ya ba mahaifiyarki lafiya, labarinta ya taɓa ni.

Uba a kwamitin makaranta ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya da yamma na ari igiyar awo, ni da babban ɗana muka auna daga katangar makaranta zuwa layin bishiyoyi, muka samu faɗin ya haura mita 60, wanda zai ɗauki ƙaramin filin ƙwallon da aka ambata har da sarari a gefe. Dattawan da suka ga muna awo sun ɗauka mu ne masu saran, sai da na zauna na yi musu bayani, kuma uku daga cikinsu sun ce za su zo taron. Zan nemi a sake zana taswirar ba tare da hanyar tseren zagaye ba, a bar bishiyoyin a wajen katanga, a kuma rubuta yarjejeniyar kafin a fara haƙa. Sauran tambayata ga mai aikin tsara birane: idan masu ba da tallafin suka ce sai dai a yi yadda aka zana tun farko ko su janye kuɗinsu, wa ya kamata ya fara zama da su, makarantar ko hukumar da ke da filin?