Beetle ta 1972 da ta daɗe a ajiye: ta ina za a fara?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum. Volkswagen Beetle ce ta 1972, ta kai shekara goma ba a tayar da ita ba. Ana so a farfaɗo da ita sannu a hankali. A sa sabon batir a gwada ta, ko da abin da ya kamata a fara yi?

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa makulli tukuna. Bangon silinda ya bushe, ringi na iya mannewa, in kik ya juya injin da ƙarfi sai ringin ya karye. Cire filogi huɗun, ka zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu. Sannan ka sa sifana a kan notin fulin ƙasa ka juya injin da hannu. In ya ƙi, kada ka tilasta shi, ƙara mai ka jira.

In ya juya, juye tsohon baƙin mai, ka wanke rariyar da ke ƙasan injin (wannan ba shi da fila irin ta takarda), ka zuba lita 2.5. Saita tazarar bawul a kan milimita 0.15, injin na sanyi, tazarar kwantak (maɓallin wuta da ke cikin distiributa) kuma milimita 0.4. Bawul ɗin da ya matse shi ke ƙonewa.

Leƙa ƙarƙashin gwangwanin da ya rufe injin. Iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba, kuma ɓeraye na son yin sheƙa a nan. In suka toshe hanyar iska, injin zai yi zafi babu alamar da za ta gargaɗe ka.

Mai_Kafireta:
Ƙari a kan bayanin Tsohon_Bakanike: tsohon fetur yana zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Sauke tanki a wanke. Duk tiyon fetur na roba a canza shi, a ɗaure da kilif. Wannan ba abin wasa ba ne, tiyon da ya tsage a kan inji mai zafi shi ne babban sanadin gobara a irin wannan mota.

Birki ma haka. Man birki yana shan danshi, sai tsatsa ta cinye silindar taya daga ciki. Canza tiyo da robobi, ka sa man birki nau'in DOT 4, kada ka haɗa shi da nau'in DOT 5.

Ɗan_Walda:
Ni shawarata, kafin ka kashe ko sisi a inji, ɗaga kujerar baya ka duba ƙasan batir, da dogayen bututun da ke bin ƙasan ƙofofi. Su ke riƙe da bodi. Soka sukudireba, in ta shige, sai an yanke an yi waldar sabon ƙarfe. Bi jikin motar da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa akwai cikon bodi a ƙarƙashin fenti. Fenti shi ne aikin ƙarshe. Kuma ɗauki hoton kowane abu kafin ka kwance shi, notika a leda da suna a jiki.