Musayar waƙa: in an kai hari, wa ke faɗin me?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a, yau kan kafafen masu ra'ayin riƙau na Turai da Amurka na ɗora, irin su Breitbart, mai amsa ya amsa da baiti.

In mai harin sunansa Musa ko Isa,
Kafin 'yan sanda su iso sun yi nisa,
In ko nasu ne ya ɗau bindiga ya yi kisa,
Sai ka ji wai ciwon ƙwaƙwalwa ne ya sa.

'Yar Gwale:
Yaya ka sosa min inda ke ƙaiƙayi wallahi. Southport ta Ingila, Yulin 2024:

Yara uku mata aka kashe a gari,
Kan a ce kwabo an ƙago suna da wuri,
Wai Musulmi ɗan gudun hijira ne ya kai hari,
Aka far wa masallaci da jifa washegari.

alhali fa yaron da ya kai harin a Cardiff ta Birtaniya aka haife shi, 'yan sanda sun ƙaryata sunan amma ina, ƙarya ta riga ta zaga intanet.

Malam na Kurna:
Ƙanwata a yi adalci, manyan kafafen ma ba wankakku ba ne. Ku tuna 2011.

A Norway an kashe 77 rana guda,
Masu sharhi a talabijin suka rataya wa Alƙa'ida,
Da aka ga Breivik ne, Bature ɗan gida,
Kalmar ta'adda ta yi wa wasu nauyin faɗa.

Ɗan Fagge:
Allah gafarta Malam haka ne, sai dai akwai bambanci:

Babbar jarida in ta tafka kuskure,
Ga edita ga kotu, dole ta gyara ta daure,
Waɗancan ko an ƙaryata su sai su share,
Mabiya da kuɗin talla na ƙaruwa tare.

Hajiya ta Ƙofar Mata:
'Ya'yana kun tafi Turai kun bar gida, ni abin da ke ci min rai ke nan, Nuwamban 2014 da Boko Haram ta shigo mana Kano.

Bam ya tashi masallacin Sarki ran Juma'a,
Sama da 100 muka rasa cikin jama'a,
Takalma zube, masu su sun riga mu, sai addu'a,
Waɗancan ba sa ƙirga mu, gawarmu ba ta kawo ciniki a sana'a.

'Yar Gwale:
Allah ya jiƙansu Hajiya. Malam ka kawo mana na Christchurch ta New Zealand, inda aka kashe mutum 51 a masallatai biyu a 2019, ina so in ji yadda kowa ya ba da shi.