Me ya yaga wa kazata fata a ƙarƙashin fiffike?

Uwar Biyu, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah ku taimaka mini da shawara. Ina da kajin gida bakwai da zakaru biyu a bayan ɗaki. Jiya da safe na buɗe akurki, duk suka fito suna rububin tsaba, sai wake-waken cikinsu ta rakuɓe a lungu, fiffike ɗaya a sake. Da na kama ta na ɗaga fiffiken hagu, sai ga fata ta yage kusan tsawon ɗan yatsa, nama a fili, jinin har ya bushe. Gashin bayanta ma ya zube, wurin ya yi ja. Tana ci, tana sha, ba ta ɗingishi.

Maigida ya ce muzuru ne, don akwai wani baƙi da ke bin katangarmu da dare. Ni kuma hankalina bai kwanta da haka ba, saboda akurkin na bulo ne, ƙofar kwano, kuma da dutse nake tokare ta. Maƙwabciyata ta ce in shafa mata baƙin mai, ban dai shafa ba tukuna. Kazar nan ta fi sauran yin ƙwai, ba na so in rasa ta, kuma ina tsoron abin ya koma kan sauran.

Baban Khalifa, Funtuwa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Tun kafin in ƙarasa karantawa na zargi zakarunki. Ciwo a ƙarƙashin fiffike, ga baya ya sule, wannan aikin barbara ne. Idan zakara ya hau kaza, da baki yake riƙe gashin ƙeyarta, ƙafafunsa kuma suna taka bayanta. In gashin ya ƙare, sai ƙafar ta zame ta gefe, farce ko tsinin nan na bayan ƙafarsa ya tsaga fata. Fiffike yana rufe wurin, shi ya sa ba a gani da wuri.

Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. Biyu a kan bakwai sun yi yawa, kuma sukan matsa wa guda ɗaya, galibi mai yin ƙwai, don ita ce ke saurin kwantawa. Ki duba ƙeyarta, in can ma gashi ya tsige to magana ta ƙare.

Muzuru da ya samu shiga ba zai yaga gefe ya tafi ba. Wuya ko kai yake kamawa, ki ga ƙananan ramukan haƙori, gashi ya watse a ƙasa, kuma da kin ji kururuwar kajin cikin dare.

Inna Mai Zabi:

'Yata, kada ki yi saurin wanke ɓera da gafiya. Ƙofar kwano ba ta hana su, ta ƙasa suke haƙowa. Ki share akurkin tas ki duba gindin bango ko akwai rami ko kashinsu. Sai dai gaskiya su sun fi cin 'yan tsaki da ƙwai, babbar kaza kuwa yatsu suke gatsa mata. Ki kuma bi bakin kwanon nan da hannu, ko wata waya ko ƙusa ta leƙo. Na taɓa samun zabuwa da waya ta yanka, yankan ya tafi miƙe sambal. Shirwa kam ki cire ta a lissafi, 'yan tsaki take sura, kuma da rana.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Kano:

Hajiya, ko wane ne ya yi, ki fara da ware ta yau ɗin nan. Kaji in suka ga jan nama ba sa barinsa, za su yi ta saran wurin har su kashe ta. Ki sa ta a kwando ko kwali mai iska, a inuwa.

Baƙin mai kada ya taɓa ta. Dattin inji ne, yana ƙona nama, kuma za ta tsattsage shi da baki ta haɗiye. Ki dafa ruwa ya huce, ki sa gishiri kamar ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, ki wanke ciwon, ki datse gashin da ke manne a bakinsa. Sai ki shafa aidin ko GV, shuɗin maganin nan na kemis. GV yana da wani amfanin, yana ɓoye jan wurin. Ki riƙa dubawa safe da yamma saboda ƙuda, in suka yi ƙwai a ciki tsutsa kan fito cikin kwana ɗaya.

Dalilin da ya sa sanin mai laifin ke da muhimmanci: in cizon kyanwa ko muzuru ne, ƙwayoyin cutar da ke bakinsu na iya kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya zuwa biyu ko da ramin ƙarami ne, dole sai an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Don haka ki buɗa gashinta ko'ina, wuya, ƙirji da cinya, ki nemi ramin haƙori. In kin gani, ko wurin ya kumbura yana wari, ko ta daina ci, ki kai ta asibitin dabbobi. In an ba ta magani, ki tambayi kwana nawa za a dakata da cin ƙwanta.

Uwar Biyu, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba ta ko'ina, babu ramin haƙori. Ƙeyarta kuwa ta sule kamar yadda Baban Khalifa ya faɗa, na kuma samu wata kazar da bayanta ya fara ja. Inna, na share akurkin, ba rami, ba waya. Na kama jan zakaran, tsinin ƙafarsa dogo ne mai kaifi, na ɗayan ko fitowa bai gama yi ba. Na wanke ciwon na sa GV, tana cikin kwando a kicin. Jan zakaran na ɗaure shi, ranar kasuwa za a kai shi. Likita, fatar da ta yage ta ɗan rataya, in bar ta haka za ta haɗe da kanta, ko sai an ɗinke?