Sikila ta kwantar da ni, kwaleji za ta cire sunana jibi: in janye ko in jira?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu karatu ta intanet a kwalejojin Amurka, ko wanda ya taɓa aiki a irin waɗannan makarantu, ku taimaka min da shawara, lokaci ya ƙure min.

Ina karatun kula da bayanan asibiti a wata kwaleji da komai nata ta intanet ake yi. Zangonmu mako takwas ne, darasi biyu nake ɗauka, kuma da tallafin Pell, wanda gwamnatin Amurka ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, da ɗan bashin karatu na gwamnati nake biyan kuɗin makaranta. Ni mai sikila ce. Dalilin da ya sa ma na zaɓi wannan karatu ke nan, don in jiki ya ƙi, in yi abina a kwance.

A mako na huɗu ciwon ya tashi, ƙafa da baya, har aka ba ni gado. Duk wanda ya san wannan ciwo ya san idan aka ɗora maka maganin nan mai ƙarfi, ko sunanka aka tambaya sai ka yi jim kafin ka amsa. Duk da haka, da robar ƙarin ruwa a hannun dama, na riƙa buɗe shafin makaranta a waya da babban yatsan hagu, ina karanta abin da malamai suka ɗora. Akwai bidiyon da na kalli rabinsa barci ya kwashe ni, na farka wayar tana kan ƙirjina. A ganina ai sun ga ina nan.

Jiya aka sallame ni, yau Lahadi na buɗe imel na tarar da wasiƙa: wai rabona da halartar darasi tun Talatar mako na huɗu, kuma idan kwana 14 suka cika, wato jibi Talata, za su cire sunana da kansu. Na rubuta wa malaman biyu. Ɗaya ya amsa da kirki, ya yi min sannu, amma ya ce shiga shafi ba halarta ba ne, kuma ba zai iya ƙara min lokaci a kan ayyukan da suka wuce ba sai da takarda daga ofishin masu buƙata ta musamman. Ɗayar har yanzu shiru.

Ban taɓa tuntuɓar wannan ofishi ba, don ban ɗauki kaina nakasasshiya ba. Ina aikina, ina rainon 'yata, ina tuƙa motata. Ciwo ne mai zuwa ya tafi. To yanzu a shafina akwai maɓallin janyewa daga darasi. In danna in huta, in dawo zango mai zuwa? Ko in bari su cire ni? Kuma me zai faru da kuɗin tallafin?

Ɗan Tsangaya:

Wa alaikumus salam. Sannu Anti, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai a ganina lafiya uwar jiki, karatu ba ya guduwa. Ki janye da kanki yau, za a saka miki W, wato alamar kin janye, a takardar sakamako, kuma W ba ya taɓa makinki. Ya fi ki zauna a lafta miki F, wato faɗuwa. Na yi haka a wani darasin lissafi, ban ga wata illa ba.

Kawu Lawandi:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Na daɗe ina aiki a ofishin tallafin ɗalibai na wata kwaleji kafin in yi ritaya, kuma irin wannan wasiƙa na ga an tura ta ba adadi. Ɗan Tsangaya, niyyarka mai kyau ce, amma ina zaton kai da aljihunka ka biya. Ita da kuɗin gwamnati take karatu, lissafinta daban. Kada ki taɓa maɓallin nan tukuna.

Maganar da malamin ya faɗa miki ba son ransa ba ne. Ƙa'idar Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ce: a karatun intanet, buɗe shafi kawai ba ya zama halarta. Abin da ake ƙirgawa shi ne ki miƙa aiki, ko ki rubuta gwaji, ko ki tsoma baki a tattaunawar darasi, ko ki yi wa malami tambaya a kan abin da ake koyarwa. Kuma a makarantu da yawa na'ura ce ke lissafin, abin da aka miƙa kawai take gani. Ba ta san kina gadon asibiti ba.

Yanzu ga inda kuɗi ya shigo. Tallafin gwamnati kamar albashi yake, kowace ranar karatu kina cin rabonta. Idan kika bar karatu kafin zango ya wuce kashi 60 cikin ɗari, abin da kika ci kawai ne naki, sauran a mayar. Idan kika wuce kashi 60, duka ya zama naki. Kuma makarantar da ke ɗaukar halarta, irin taku, ba ranar da kika danna maɓalli take dubawa ba, ranar da kika yi aiki na ƙarshe take dubawa. Mako takwas kwana 56 ne, kashi 60 ya faɗa wajen kwana na 34. Talatar mako na huɗu kwana na 23 ne, wato kusan kashi 41. Ko ke kika janye ko su suka cire ki, a yadda abin yake yanzu a kan 41 za a yi lissafi. Makaranta za ta mayar wa gwamnati nata kason cikin kwana 45, sannan ta juyo ta aiko miki da takardar bashi, kuma galibi ba za su bar ki ki yi rajistar zango mai zuwa ba sai kin biya. Na ga ɗalibai da dama da karatunsu ya tsaya cak a daidai wannan gaɓa.

Amma yau Lahadi kwana na 35 ne. Idan jiki ya ba ki dama, ki shiga kowane darasi ki yi aiki na gaske yau, ko da tsokacin mako ne a zauren tattaunawa ko ɗan gajeren gwaji. Ban ce ki tura fanko ba, abin da za ki iya kare shi idan an tambaye ki. Da wannan kin tsayar da agogon kwana 14, kuma ranarki ta ƙarshe ta tsallake kashi 60. Abu ɗaya: wasu kwalejojin suna haɗa zango biyu na mako takwas su lissafa su a matsayin guda, a nan lissafin yakan canza. Gobe da safe ki kira ofishin tallafi ki ce su faɗa miki a rubuce nawa za a mayar idan kika janye.

Game da W, gaskiya ne ba ya rage maki, amma ba kyauta ba ne. Kafin a ci gaba da ba ki tallafi ana duba nawa kika kammala cikin darussan da kika ɗauka, yawancin makarantu kashi 67 suke nema, kuma W darasi ne da aka ɗauka ba a gama ba. Ga kuma iyakar cewa ki gama karatun cikin kashi 150 na lokacin da aka tsara masa. Idan aka dakatar da tallafin akwai damar roƙon a sake dubawa, rashin lafiya yana cikin dalilan da ake karɓa. Shi kuma bashin karatu, da zarar kin sauka ƙasa da rabin yawan darussan da cikakken ɗalibi ke ɗauka, wata shida na sararin da ake bayarwa kafin fara biya sun fara tafiya.

Idan daga baya kika ga ba za ki iya ba, ki nemi janyewa ta dalilin rashin lafiya, da takardar likita, ba wancan maɓallin ba. Sannan ki tambayi malamai game da I, wato a riƙe sakamakon a ba ki ƙarin makonni ki ƙarasa. Wannan yawanci sai wanda ya riga ya yi mafi yawan aikin, don haka a mako na bakwai ya fi dacewa ki kawo maganar.

Yaya Bilki:

Kawu ya gama da ɓangaren kuɗi. Ni zan yi miki magana a kan ofishin da kike gudu, ƙanwata, domin ni ba na gani, kuma da wannan ofishi na yi digirina.

Na fahimci abin da kike ji game da kalmar. Amma doka ba tambayarki take yi yadda kike kallon kanki ba. Akwai sashe na 504 na dokar 1973 mai hana nuna wa nakasassu bambanci, wanda ya hau kan duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, akwai kuma dokar ADA ta 1990, wato dokar kare haƙƙin nakasassu a Amurka. A gyaran da aka yi wa ADA a 2008 an faɗa ƙarara cewa ciwon da ke zuwa ya tafi yana ciki, matuƙar idan ya tashi yana hana mutum manyan al'amuran rayuwa. Wato kamar da ke aka rubuta. Tuƙa mota da zuwa aiki ba sa fitar da ke.

Abin da mutane ba su sani ba, jami'a ba kamar sakandare ba ce. A can makaranta ce ke neman yaro ta tsara masa. A nan babu mai neman ki, ke za ki kai kanki. Kuma sassaucin da ofishin ke bayarwa, kamar ƙarin lokaci a kan ayyuka, daga ranar da aka amince yake farawa, a mafi yawan makarantu ba ya komawa baya. Don haka ayyukan mako na huɗu da na biyar kada ki sa ran takardar za ta tilasta wa malami ya buɗe miki su. Wannan roƙo ne tsakaninki da shi, sai dai malamin da ya ga takarda a hannu ya fi saurin sassautawa, kuma naki ya riga ya nuna miki hanya.

Ki cika fom ɗin yau, kada ki jira takardar likita ta iso, ki ce tana tafe, ki haɗa da takardar sallama daga asibiti. Wasu ofisoshin suna ba da sassauci na wucin gadi kafin su gama dubawa. Shi kuma likita kada ya rubuta "tana da sikila" ya sa hannu kawai. Ya faɗi yadda ciwon ke tashi ba sanarwa, da yadda yake kwantar da ke kwanaki, da abin da maganin ke yi wa hankali. Da wannan bayanin suke yanke abin da za su ba ki. Malamai ba sa ganin sunan ciwon, abin da aka amince miki kawai suke gani.

Ki nemi ƙarin kwanaki a kan wa'adin miƙa aiki idan ciwo ya tashi, kuma a rubuta kwana nawa da yadda za ki sanar, kada a bar shi "gwargwadon hali", nan rigima take. Idan jarrabawarku da kyamara ake sa ido, lallai ki nemi izinin hutu a tsakiya. Waɗannan manhajoji da kin miƙe daga kujera ko kin kau da fuska sai su yi miki alamar satar amsa, ke kuma dole ki sha ruwa ki zaga. Ni sai da aka rubuta min izinin amfani da NVDA, manhajar da ke karanta min allo, in ba haka ba da ta riƙa rufe ta. Wani malami kuma ya riƙa ɗora shafukan littafi da aka ɗauka a hoto, waɗanda manhajata ba ta ganin ko harafi a ciki. Ofishin ne ya sa aka mayar min da su rubutu.

Kada dai ki ɗauka komai za su ba ki. Abin da makaranta ta ce shi ne ginshiƙin darasi ba a tilasta mata ta sauya shi, kuma tattaunawar mako sau da yawa a nan suke kafewa, wai amsa wa abokai bayan mako ya wuce ba ta da amfani. Ki tambaya ko akwai aikin da zai maye gurbinta. Kowane zango kuma ki tuna ki sa a aika wa sababbin malamai takardar, ba ta bin ki da kanta. Idan aka hana ki haƙƙinki, makaranta tana da hanyar koke, bayanta akwai ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi, cikin kwana 180.

Maman Ikram:

Allah ya saka muku da alheri. Kawu, na rubuta tsokacin mako a darasi ɗaya, na yi gwajin ɗayan, na ci shida cikin goma, ban damu ba. Yaya, na cika fom ɗin, ko da yake sai da na daɗe ina kallon akwatin da ke cewa ina da nakasa kafin in danna. Har yanzu kalmar ba ta kwanta min ba, amma ruwan sha a jarrabawa ya fi min ita muhimmanci.

Saura tambaya ɗaya. Darasin malamar da ta yi shiru shi ne mai nauyi, kuma aiki biyu manya suka wuce ni a ciki. Idan na janye daga shi kaɗai na riƙe ɗayan fa?

Kawu Lawandi:

Ana yin haka, kuma matuƙar kina ci gaba da ɗayan ba a ɗauke ki wadda ta bar makaranta ba. Amma ki duba abu biyu kafin nan: ranar ƙarshe ta janyewa da W a kalandar makaranta, da kuma ko darasi ɗaya ya kai rabin nauyi a lissafinsu, saboda bashin. Ita malamar ki sake rubuta mata gobe, ki saka mai ba ki shawara kan karatu a cikin wasiƙar. Ki kuma ɗauki hoton shafin da ke nuna ranar da kika miƙa ayyukan yau, ki tura wa ofishin da ya aiko miki da gargaɗin, ki ce su tabbatar miki a rubuce cewa an soke cirewar ta Talata.