Waɗanda suka taɓa yi wa tsohon kabad ɗin kicin fenti, ku zo ku ba mu labari

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna gyaran gida, kuma kabad ɗin kicin ɗina katakonsa lafiya lau, sai dai kalar ta koɗe, murafen da ke saman murhu kuma sun yi danƙo. Maigida ya ce a ɓalle a sa sabo, ni kuwa ina ganin asara ce. Duk wanda ya taɓa yi wa nasa fenti ya faɗa mana yadda ta kaya, mai daɗi da marar daɗi.

Maman 'yan biyu: Wa alaikumus salam Yaya. Na yi nawa, kuma wallahi shafa fentin shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin wanki ne. Wannan danƙon da kike ji, maiƙon girki ne da hayaƙi suka taru shekara da shekaru, kuma fenti ba ya kama maiƙo ko da wane iri ne. Na kwance murafen duka, na ciro durowoyi, na cire mariƙai, na wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke mai yanke maiƙo. Saman kabad, can inda ido ba ya kai, sai da na kankare da bakin tsohon cokali, yana fitowa kamar ƙaro. Ki ɗauraye, ki bari ya bushe sarai. Wani abu kuma, ki rubuta wa kowane murfi lamba a gurbin ƙarfen da ke riƙe shi, ki rufe da ɗan salatif, sukurorinsa ki zuba a leda ɗaya. In ba haka ba, ranar mayarwa za ki ga murafe suna kama da juna amma kowa da inda yake zama.

Kafinta: Hajiya, kafin komai ki gane da me aka yi kabad ɗin, don ba duk abin da ake kira katako ne katako ba. Buɗe murfi ki dubi gefensa. In kin ga zanen itace ya zarce har baki, zallar katako ne. In kin ga hawa-hawa, filawud ne. In kuwa garin katako ne aka danne, MDF ko cibod, to kada ki jiƙa shi da ruwa, ki goge da tsumma mai ɗan danshi kawai, don yana shan ruwa ya kumbura, kuma in ya kumbura ba ya komawa. Na sha zuwa gida in tarar da ƙasan sinki ya rugurguje ana so a rufe da fenti. Wannan sai dai a sauya allon. Haka in kin ga ƙananan huji da gari-gari a ƙasa, ƙwaro ne ko gara, a yi magani tukuna.

Sai samfefa. Lamba 120 zuwa 150 a fara, 220 a tsakanin shafi da shafi. Lambar na hawa, tana ƙara laushi. Ba sai kin cinye tsohon fentin ba, ƙyallin kawai za ki kashe. Ki bi tsawon zanen itacen, ki toshe ramuka da foti, ki share ƙurar tas.

Anti malama: Malam kafinta ya yi gaskiya. Ni mai fenti na kira, ya zo da safe, kafin azahar ya gama, kicin sai sheƙi. Bai wanke ba, bai goga samfefa ba, ya ɗora fentin ruwa a kan tsohon fentin mai. Ba a daɗe ba ya fara tashi wajen mariƙai, in ka sa farce ka ja sai ya biyo ka falle-falle. Wanda ya gyara min daga baya shi ya nuna min gwajin: a jiƙa auduga da sifirit a goga a wani lungu. In fentin ya fito a audugar, na ruwa ne, in bai fito ba na mai ne, kuma dole a sa firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, kafin a ɗora na ruwa a kansa.

Uwargida: Ikon Allah. To Anti, nawa fuskar murafen fomika ce, sul-sul. Ita ma tana karɓar fenti?

Kafinta: Tana karɓa Hajiya, amma da firaima mai kamu, wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na fomika ne da tayil. Ki goga samfefa mai laushi sama-sama, kada ki huda fatar. In ta ɗago a wani gefe, a manne ta da gam a danne ta kwana.

Ɗan haya: Ni ra'ayina ya sha bamban da na masu fentin ruwa. Na mai na sa, kuma har yau ina goge shi da soso bai ce komai ba. Yana kwanciya, ba a ganin sawun buroshi. Abin da na biya shi ne wari da jinkirin bushewa, tagogi a buɗe, fanka na aiki.

Maman 'yan biyu: Malam, wace kala ka sa? Don farin fentin mai yana komawa ruwan ƙwai da daɗewa, musamman cikin kabad inda haske ba ya shiga. Shi ya sa na ɗauki na ruwa wanda aka yi don katako, ba irin na bango ba. Na bango ko kusa, ba ya jure goga. Na sa ƙaramar rola ta soso a shimfiɗaɗɗen wuri, buroshi a lungu, shafi siriri sau biyu, murafen a kwance don kada ya zubo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bushewa daban, ƙarfi daban. Cikin 'yan awanni za ki taɓa ki ji ya bushe, amma fentin ruwa yakan ɗauki sati 3 zuwa 4 kafin ya yi tauri. A tsakanin nan ba soso, ba buga murfi, in ba haka ba murfi ya manne da jikin kabad ya ɗauko fenti.

Ɗan haya: Ruwan toka na sa, shi ya sa ban lura ba. Na karɓi gyara kan farin.

Ma'aikaciyar jinya: Ni tawa gudummawar ta lafiya ce. Kabad ɗin da na gada tsoho ne sosai, fenti hawa uku a jikinsa, na ƙi goga masa samfefa a bushe. Tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a ciki. Amurka sai a 1978 ta hana sa ta a fentin gida, wasu ƙasashen ma sun daɗe bayan haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da masu ciki suka fi shiga haɗari. Na sa maganin ɓare fenti a tsakar fili, da safar hannu da takunkumi, yara kuma ba su leƙo ba sai da na goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma. Tsummokaran da suka sha fentin mai ko man goge katako ma kada a dunƙule su a kwandon shara, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu. A baza su a waje su bushe.

Anti malama: Na manta ban faɗa ba, kujeru da teburin kicin ɗina na katako ne mai ido-ido. Bayan farin fenti, idanun suka riƙa fitowa ruwan ƙasa ta cikinsa. Ƙaron itacen ne ke tsattsafowa. Firaima mai shelak, wani irin ƙaro da ake narkarwa a sifirit, shi ne ya tsayar da shi, ɗigo-ɗigo a kan kowane ido kafin a shafe gaba ɗaya.

Uwargida: Allah Ya saka muku da alheri. Na duba gefen murafen yanzu, MDF ne aka lulluɓe da fomika, kuma allon ƙasan sinki ya ɗan kumbura. Malam kafinta, shi kaɗai za a sauya ko har da gefe-gefen?

Kafinta: Danna gefen da babban yatsa, Hajiya, daga ƙasa zuwa sama. In bai lotsa ba, allon ƙasan kaɗai za a sauya, a sa filawud mai jure ruwa. Amma a fara kiran mai gyaran famfo ya duba inda yake yoyo.