Neman shawara: wace manhaja zan koya don ƙera mesh na Second Life?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina gini a Second Life, duniyar nan ta intanet da mutane ke shiga suna gine-gine, da 'yan tubalan da ake haɗawa a cikin duniyar, amma sun kasa ba ni abin da nake so. Burina in gina gidan ƙasa irin namu, da zaure da soro da zankwaye, bango ya fito da lanƙwasarsa kamar hannu ne ya shafe shi. An ce sai na ƙera mesh, wato siffar 3D da ake haɗawa da ƙananan alwatika, a wata manhaja a waje na ɗora. Wasu sun ce Maya, wasu Blender, wani ya ce SketchUp ya fi sauƙi. Kwamfutata mai RAM 8GB ce, kuɗi kuma babu yawa. Wacce zan kama?

Mai zanen gine-gine:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kama Blender. Kyauta ce tun 2002 da aka buɗe ta ga kowa, kuma in ka sauke ta ba ta neman intanet. Maya ta Autodesk ƙwararriya ce, amma kuɗin haya ake biya da dala, kuma gidan da kake son ginawa ba ya bukatar komai da Blender ba ta da shi. Masu cewa tana da wuya, yawancinsu tsohuwar suka sani. Tun fitowar 2.80 a 2019 an gyara fuskarta sosai.

SketchUp ina aiki da ita, don haka ba ƙiyayya ba ce. Ta iya bango miƙaƙƙe da kusurwa. Da ka zo lanƙwasar zanko, sai ta zubo maka alwatika birjik, kuma shimfiɗa hoto a jikin ginin ya zama wahala.

Wata mai ɗinkin kayan avatar:
Ni tufafin avatar nake yi, wato siffar da ke wakiltar mutum a cikin duniyar. Na yarda da Yaya, amma kada ka sauke Blender ɗin da ka fara gani. Tun 2011 da aka kawo mesh, fayil ɗin COLLADA mai ƙarshen .dae shi aka saba ɗorawa. Blender 4.5 LTS (LTS na nufin wadda ake daɗewa ana kula da ita) ce ta ƙarshe da ke fitar da shi, an cire shi a 5.0. Darussan da za ka samu kusan duk a kan .dae aka gina su, to ka fara da 4.5. In kwamfutarka ta ƙi buɗe ta saboda tsufan katin hoto, koma 3.6 LTS.

Wani ɗalibi:
Ni Wings 3D nake so. Ƙarama ce, ba ta wahalar da kwamfuta, tana fitar da .dae.

Mai zanen gine-gine:
Gaskiya ne, tana da daɗin koyo. Sai dai ranar da ya so gasa inuwa a jikin hoton bango, wato manhaja ta zana inuwar a cikin hoton ta zauna dindindin, Blender zai koma. Gara ya sha wuyar sau ɗaya.

Dattijon zaure:
Yara, kun tsaya kan sunan manhaja, alhali abin da ke kayar da sabon maƙeri yana wajen ɗorawa. Kowane abu yana da nauyin da ake lissafa masa a filinka, kuma fili iyaka gare shi. Nauyin yana ƙaruwa da yawan alwatika da kuma girman abin, shi ya sa gida ya fi kujera haɗari.

Sannan kowane mesh matakai huɗu yake da su, daga wanda ake gani a kusa zuwa na can nesa. In ka bar na'urar ɗorawa ta rage maka su da kanta, daga nesa soronka zai koma wasu tsinke-tsinke. Ka zauna ka ƙera su da hannu: mataki na biyu ka cire adon bango, na ƙarshe ka bar siffar ginin kawai da zankwayensa. Adon ƙofar zaure kuwa kada ka sassaƙa shi duka, zana shi a hoto ka shimfiɗa. Ido ba zai raba ba.

Ka kuma yi wa gidan siffar karo daban, 'yan akwatuna masu sauƙi da ke nuna inda bango yake. In ba haka ba, mutum zai ga ƙofa a buɗe ya kasa shiga. Ka tuna abu ɗaya ba ya wuce mita 64, kuma fuskoki takwas kawai yake ɗauka, wato sassan da za a iya shimfiɗa wa kowanne hotonsa daban.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri Baba. Amma ai duk ɗorawa ana cire kuɗin Linden, kuɗin da ake kashewa a cikin duniyar. Yaya zan yi ta gwaji?

Wata mai ɗinkin kayan avatar:
Akwai filin gwaji na Linden Lab, kamfanin da ya mallaki Second Life, mai suna Aditi, kuɗin can ba na gaske ba ne. Ko ka kafa OpenSimulator, manhajar da ke ba ka duniya irin ta Second Life, a kwamfutarka ka shiga da Firestorm, manhajar shiga duniyar, ba ka ƙona data ko kaɗan, sai dai lissafin nauyi a Aditi za ka ga na gaskiya. Fara da zanko guda ɗaya da matakansa huɗu, ka turo mana hotonsa daga kusa da daga nesa mu duba.