Wai kasafin kuɗi yana da mace da namiji?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ji wata a rediyo tana cewa wai abin da ya hana mata farfaɗowa tun bayan korona shi ne kasafin kuɗin gwamnati ba ya duba jinsi, wai sai an riƙa lissafa abin da ya je wa mata daban. Ni fa abin bai shige ni ba. Titi in an yi mace ba ta bi ne? Wuta in an kawo akwai ta maza akwai ta mata? In ka taimaki maigida ai ka taimaki gida gaba ɗaya. Wannan duk zancen masu neman kuɗin taro a otal ne.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam Alhaji. Gidan da babu maigidan fa? A layinmu kaɗai zawarawa da matan da mazansu suka rasu sun bar musu yara ba a magana. Kuma ko inda maigidan yake, ka tuna watan Afrilun 2020 da aka kulle Kano ga azumi ya shigo, maza suna zaune a gida ba fita ba shiga, wa ya riƙe tukunya? Jarin mai awara da mai ɗan wake da mai kitso shi aka cinye. Maƙociyata keken ɗinkinta ta sayar aka sayi gero da sukari, da aka buɗe gari mijin ya koma kasuwa abinsa, ita har yau aron keke take yi in ta samu ɗinkin sallah.

Ɗan Kwari: Allah sarki, ban musa ba. Amma mu ma mun ji jiki Hajiya. Kasuwar Kwari rufe take a lokacin, 'yan dako da masu adaidaita sahu wasu bara ce kawai ba su yi ba. Cutar ba ta tambayi kowa jinsinsa ba.

Akanta: Bari in ɗan sa baki. Alhaji abin da ake nufi ba wai a yanka kasafi biyu a ce ga na mata ga na maza ba. Tambaya ce kawai ake yi wa kowace ma'aikata, wannan kuɗin da kika nema su wa zai isa hannunsu, kuma a ƙarshen shekara kawo lissafi mu gani. Misali a watan Yunin 2020 gwamnatin tarayya ta fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 wanda kwamitin Osinbajo, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, ya tsara. A ciki akwai Survival Fund na biliyan 75 don ƙananan sana'o'i, kuma a rubuce aka ce kashi 45 cikin 100 na mata ne, kashi 5 na masu buƙata ta musamman. To kun ga gwamnatin da kanta ta yarda kuɗi ba ya raba kansa daidai in an sake shi haka nan.

Baban Sadik: A rubuce dai ka ce ai 😂

Akanta: Eh a rubuce. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙofar shiga. Kusan duk shirye-shiryen nan sai kana da asusun banki da lambar BVN, kuma a intanet ake cike fom, ɓangaren biyan albashin ma'aikata ma sai sana'arka tana da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Haka rancen Babban Banki na biliyan 50 da aka fara da shi ta bankin NIRSAL, shi ma ta intanet ne. Yanzu tsakani da Allah cikin masu ƙosai da masu ƙuli-ƙuli na cikin gida nawa ne ke da waɗannan?

Maman Ummi: Yauwa Akanta, Allah ya biya ka. Ni da idona na ga yadda aka yi a unguwarmu, an ce ana cike wani fom na tallafi, mata ba sa fita kafen intanet sai a aiki yaro da katin zaɓe da ɗari biyar, wayar da za a turo saƙon ta mijin ce ko ta ƙanin miji, akawun ɗin ma na wani ne, in kuɗin ya faɗo sai abin da aka ga dama aka miƙo mata ta ce an gode. A takarda kuma an rubuta mace ta amfana.

Ɗan Kwari: To wannan ai ba laifin kasafi ba ne, ku buɗe akawun mana.

Malamar Firamare: Alhaji da ranka, a ƙauyen da nake koyarwa kafin ka ga banki sai ka shiga mota ka biya kuɗin zuwa da dawowa, sannan a ce kawo NIN. In da an zauna an yi tambayar da Akanta ya faɗa tun wajen tsara shirin, da a cikin kuɗin an ware na kai masu rajista har ƙofar gida, ko a bi ta ƙungiyoyin adashi da mata suka riga suka saba da su. Wannan ma ai layi ne a kasafi. Ni abin da ya fi ci min rai makaranta ne. An rufe a watan Maris na 2020, ba a dawo ba sai wajen Oktoba, da muka dawo bencin 'yan mata na aji shida ya yi wayam, wasu an ɗora musu talla wasu an yi musu aure, samarin kuwa yawanci sun dawo ko da a makare. Sunan kuɗin ilimi ɗaya ne amma asarar ba ɗaya ba ce.

Baban Sadik: Ni duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalarmu sata ce. Kun manta Oktoban 2020 da mutane suka fasa rumbuna a jihohi aka ga kayan tallafin korona jibge, taliya da shinkafa da indomi, alhali ana kwana da yunwa? Wanda ya ɓoye wannan ko ka rubuta masa mata kashi 90 ba abin da zai canja. Sannan a lokacin ai mace ce ministar kuɗi, Zainab Ahmed, mace ce ministar jin ƙai, Sadiya Umar Farouq. Me kuma ake nema?

Maman Ummi: Kai Baban Sadik, don mace biyu suna kan kujera shi kenan an gama da mu? Majalisar da ke amincewa da kasafin fa, sanatoci 109 bayan zaɓen 2023 mata huɗu kacal. Kuma a Maris ɗin 2022 ƙudurori biyar na mata aka kawo wajen gyaran tsarin mulki duk suka yi fatali da su.

Baban Sadik: Wannan kuma siyasa ce, ku fito ku zaɓi 'yan uwanku, ai kun fi mu cika layi ranar zaɓe.

Akanta: Maganar sata gaskiya ce, sai dai ni a ganina ta ma ƙarfafa batun ne. Kuɗin da aka ce na "jama'a" ne kawai shi ya fi saurin ɓacewa don ba wanda zai zo ya ce nawa ne. In an tilasta a fitar da sunaye da adadi, mata kaza maza kaza a ƙaramar hukuma kaza, ɓarawo ya samu ƙarin aiki. Kuma ba sai mun je Turai ba. Yuganda tun 2015 dokar kuɗinsu ta ce sai ma'aikata ta samu takardar shaidar ta yi la'akari da jinsi da daidaito kafin kasafinta ya wuce majalisa. Ruwanda ma ma'aikatu suna haɗa bayanin jinsi da kasafinsu. Doka ce ke aiki a can, ko wa ke kan kujerar.

Ɗan Kwari: Toh amma ku duba wani abu. A shekarar 2020 an tsara kasafi a kan gangar mai dala 57 sai da aka dawo da shi dala 28, tattalin arziki ya ja baya da kashi 6.1 a rubu'i na biyu. Kuɗin kaɗan ne. In ka ce sai an fifita mata, matasan da ke zaune a bakin titi ba aikin yi fa? Su ne in suka fusata gari ke ƙonewa. Kuma a addini ciyarwa a wuyan namiji take, in ka ƙarfafa shi ka sauke masa nauyi ne.

Malamar Firamare: Ba wanda ya ce a hana matasa. Ai an yi musu aikin nan na mutum 774,000, dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, dubu ashirin a wata har wata uku, sharar titi da yashe kwata. Wa ya fi iya fita wannan aikin a garuruwanmu? Mu ba mu yi ƙorafi ba. Tallafin matan karkara kuwa dubu ashirin ne sau ɗaya tak. Batun ciyarwa kuma haka yake a shari'a, amma Alhaji shigo asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu ranar awo ka ga wa ke kwance bakin zani yana ciro kuɗin magani. Tun 2001 aka yi alƙawari a Abuja za a ba lafiya kashi 15 na kasafi, tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Ungozoma ɗaya in aka rage, mace ce ke haihuwa a hannun maƙociya.

Maman Ummi: Kuma in ruwan famfo bai zo ba wa ake ɗora wa bokiti? Ka ce min ruwa ba shi da jinsi.

Ɗan Kwari: Hajiya kin matsa min fa 😅 To ni ga inda na tsaya. A ƙirga, a fito da lissafi kowa ya gani, wannan ban ƙi ba don ko a shago ina son in san wa ya karɓi kaya. Amma a ce dole kashi kaza na mata ne ko sun nema ko ba su nema ba, nan kam ban yarda ba, ƙarshenta matan manya da 'yan uwan kansila ne za su cike gurbin, mai awarar da kike magana ba za ta gani ba.

Maman Ummi: In babu kason ma ai mazan manyan ne ke cikewa, ka ga gara a rubuta mu samu abin riƙewa mu yi rigima da shi.

Baban Sadik: Ku dai yi ta rigimar.

Akanta: Jihohi yanzu suna saka kasafinsu a intanet. Zan nemo shafin ma'aikatar lafiya da ta mata na jiharmu in turo nan gobe in Allah ya kai mu, sai mu duba tare.

Ɗan Kwari: Ka haɗo da abin da aka saki a zahiri fa, ba wanda aka amince da shi kawai ba.